Gemun Mai Ƙera Aska

"Kai, leƙa ta taga. Wancan ba Orval ba ne?"

"Wanne? Mai gemun can? Haba dai."

"Dubi tafiyar mana. Duk garin nan wa ke jan ƙafar hagu haka in ba shi ba?"

"Ai kuwa shi ne. Mai ƙera aska da gemu kamar na bunsuru. Yau na ga abin da ya ishe ni."

"Rage murya, nan zai shigo."

"Ya shigo mana. Shekara hamsin ina ganin fuskar nan sumul kamar ƙwai. Ko ranar da aka binne babansa sai da ya yi aski."

"An ce likita ce ta hana shi."

"Ta hana shi ƙira?"

"Ta hana shi aski."

"To ina ruwan ƙira da aski? Ya ƙera ya sayar mana. Na riƙe askar Jamus, na riƙe ta Ingila, na riƙe ta yaran nan na yanzu masu ƙawata ƙota kamar kayan amarya. Babu wadda ke waƙa a kunci irin tasa. Ko ido rufe ya yi ta, ni zan saya."

"Sai ka gaya masa haka in ya zauna."

"Ni? Bar ni in sha kofina lafiya."

Orval Lindgren ya turo ƙofar gidan abincin, 'yar ƙararrawar da ke samanta ta kaɗa, hira ta mutu. Ya kakkaɓe ƙanƙara daga hularsa, ya hau kujerarsa ta ƙarshen kanta, aka zuba masa kofi ba tare da ya tambaya ba. Aka gaishe shi, aka tambayi matarsa Maxine, aka taɓa maganar sanyi da ta barewar da ta addabi lambuna. Ba wanda ya kalli haɓarsa. Wannan kawar da idon shi ya fi ci masa rai. Da a ce wani ya tsokane shi, da ya sami abin mayarwa.

Wata uku ke nan rabon fuskarsa da aska. A aljihun teburinsa na gareji kuwa aska bakwai ne a kwance, an gama su tsaf, masu su suna jira a garuruwa daban-daban, shi kuma ya ƙi sa musu tambarinsa, ya ƙi kai su gidan waya. In al'amarin ya tsaya a haka, ƙira ta ƙare masa ke nan, ko da hannun na da sauransa.

Sai wanda ya san inda ya koyi aikin zai gane wannan taurin kai.

A nan Tanner Falls aka haife shi, a layin bayan masana'antar wuƙaƙe, inda ruwan kwata ke fitowa toka-toka saboda ƙurar dutsen washi. Babansa a can ya ƙare rayuwarsa, da tarin da kowa a layin ya san iri-irinsa. Orval na da shekara goma sha bakwai ya shiga, aka tura shi ɗakin aska, can ƙarshen gini a bakin kogi, don ba wanda ke son wurin. A lokacin duniya ta riga ta koma kan reza, wanzamai kaɗai ke sayen aska. Mutum ɗaya ya rage a ɗakin, wani tsohon Bajamushe mai suna Gottlieb, gajere, mai yatsu kamar saiwar itace.

Aikin ɗakin shi ne rarake jikin aska. Duwatsu biyu ne masu juyawa suna fuskantar juna, ruwa na ɗiga a kansu, mai aiki ya zura ƙarfen a tsakaninsu yana kai shi yana dawo da shi, har jikin ya yi siriri kamar takarda, bayan kuma na nan da kaurinsa. In ka danna bakinta a kan farcen babban yatsa za ka ga ƙarfen ya ɗan lanƙwasa ya koma. In ka yi gaggawa ya ƙone ya yi shuɗi. Duk wadda ta ƙone, Gottlieb ba ya faɗa. Taga kawai yake buɗewa ya jefa ta kogi. Orval kan ce da za a tsiyaye kogin nan, da an ga shekararsa ta farko zube a ƙasa.

Ranar da ya gama wadda ba ta tafi kogi ba, ya kai wa tsohon yana ta washe baki.

"Da me ka gwada ta?" in ji Gottlieb.

"Da gashi, maigida. Na riƙe sili ɗaya a iska, ta tsinke shi tun bai gama sauka a kanta ba."

"Wanda zai saya, sili ɗaya gare shi?"

"A'a."

"To tafi da ita gida. Gobe da safe ka sa ta a fuskarka. Jibi ma haka, gata ma haka. In ka dawo fuskarka ba ta kawo ƙararka ba, sai a yi maganar tambari."

"Ai ba ni da gemun kirki tukuna, maigida."

"Ɗan abin da ke akwai ya isa ya gaya maka gaskiya."

Washegari askar ta bi kunci lafiya lau. Da ta zo ƙarƙashin haɓa sai ta fizgi gashi, har hawaye ya cika masa ido. Tun daga ranar bai ƙara yarda da sili ɗaya ba. Safiya uku a kan fuskar wanda ya ƙera, sannan tambari. Wannan ce kaɗai dokar da ya gada, kuma bai taɓa jin ta yi masa nauyi ba.

Shekara bakwai bayan nan aka rufe ɗakin aska. Gottlieb ya koma wurin 'yarsa, bai daɗe ba ya rasu. Injin duwatsun nan biyu aka fitar da shi tsakar gida za a sayar wa masu gwangwan. Orval ya roƙa aka bar masa, shi da abokai huɗu suka ɗora shi a motar kwasar itace, a nan ne ya zame ya danne masa ƙafar hagu. Shekara talatin da wani abu yana wasa wuƙaƙen aljihu a masana'anta da rana, ranar Asabar kuma ya shiga gareji ya ƙera abin da ba mai nema. Maxine kan ce ita ce mace ɗaya a jihar New York da motarta ke kwana a waje saboda aska.

Bayan ya yi ritaya ne wata 'yar ƙanwar Maxine ta ɗauki hoton asakensa guda biyu ta sa a intanet. Ashe duniya ta zagayo. Akwai mutane, wasu ma ba su kai jikokinsa ba, da suka gaji da reza suka koma neman askar kakanni. Saƙo ya dinga shigowa daga garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba. Bai ƙara sauri ba ko kaɗan. Talatin yake yi a shekara, wani lokaci ashirin da takwas. Ƙotarsa ƙahon sa ce ko katako, ba zane, ba ƙyalƙyali. Tambarin kuwa ɗan kifi ne da haruffa biyu, yana cin su a wuyan askar da ruwan asid bayan komai ya kammala.

Wasu kuma tsofaffin asake suke aiko masa, waɗanda suka tsinta a akwatin kaka, sun yi tsatsa. Yakan juya ɗaya a hasken taga ya ce, "Wannan bahago ne ya rarake ta, kuma ranar yana jin yunwa." Sau biyu ya ci karo da hannun Gottlieb. Waɗannan bai karɓi ladan gyaransu ba. In masu tara asake suka matsa masa ya faɗi wanda ya fi kowa iyawa a ƙasar nan, ba ya kiran kansa. Sai ya ce akwai wani a Montana da ya fi shi iya horar da ƙarfe, akwai wata mata a Vermont da ƙotarta ke zama a hannu kamar da ita aka haife ka. Da aka ce masa ai yana kore wa kansa masu saye, sai ya ce fuskokin Amurka sun ishi kowa.

Da kaka, yana ɗibar itacen hunturu, ƙirjinsa ya riƙe. Aka kwantar da shi kwana biyar, aka buɗe masa hanyar jinin da ta toshe. Ranar sallama likitar, wata doguwa mai magana a hankali, ta ɗaga wata 'yar kwalba.

"Mista Lindgren, wannan ƙwayar jini take tsinkawa, kuma kai da ita har abada. In ka yanke, jinin ba zai tsaya da wuri ba. Da me kake aski?"

Maxine ta yi dariya. "Yawwa likita, tambaye shi."

Ya gaya mata.

"To ka ajiye ta."

"'Yata, rabona da in yanki kaina tun ba a haife ki ba."

"Tarihi mai kyau. Mu bar shi a haka kar ya ɓaci. Ka sayi injin aski."

"Injin yankan ciyawa dai."

Bai ajiye ba. Sati biyu yana askinsa kamar kullum, yana jin daɗin ya ƙaryata likita. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, tun da ya dawo daga asibiti hannunsa kan ɗan yi rawa, kaɗan dai, kamar ganye in iska ta wuce. Wata Talata da safe ya yi rawar a ƙarƙashin kunne. Yankan bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya danna da tawul, tawul ya jiƙe. Ya sake wani. A na uku Maxine ta turo ƙofar banɗaki, ta dube shi, ta dubi ƙasa, ta je ta ɗauko makullin mota.

Bayan an tsayar da jinin suka fito daga asibiti suka zauna a mota. Ba ta tayar ba.

"Orval, shekara hamsin da ɗaya ban taɓa shiga tsakaninka da garejin nan ba. Na ci abinci da ƙurar ƙarfe a ciki, na yi shiru. Amma ba zan sake durƙusawa in goge jininka ba. Ka ƙera duk abin da ka ga dama. Wuyan nan dai nawa ne."

"Maxine, ai in ban sa ta a fuska ba..."

"Na sani. Na fi kowa sani. Ka ce to."

Ya ce, "To." Shi kuma in ya ce to, magana ta ƙare.

Da Kirsimeti surukinsa Dale, mijin 'yarsa Corinne, ya kawo masa injin aski a kwali mai kyau. Ya yi godiya, ya ɗora kwalin a saman firij, yana nan har yau. Gemu ya fito fari fat, mai ƙaiƙayi. Ƙira kuwa bai daina ba, don bai san abin da ake yi da safiya ba in ba ita ba. Ta ɗaya ta kammala, ta shiga aljihun tebur. Ta biyu ta bi ta. Maxine ce ke karanta masa saƙonni a kan teburin karin kumallo, tabarau a ƙarshen hanci.

"Ga mai kashe gobarar nan na Idaho kuma. Ya ce, ka aiko kawai Baba, mun yarda da hannunka."

"Rubuta masa ki ce ni ne ban yarda da shi ba."

"Ba zan rubuta wannan ba."

"To ki ce ana sanyi."

"A Idaho rani ake yi, ko? Ai can ma ƙanƙara ce." Ta cire tabarau. "Tsohon maigidan nan naka cewa ya yi sai a fuska. To ka ari fuska mana. Garin nan cike yake da maza."

Ya ce ba haka dokar take ba. Kwana biyu yana ce mata ba haka take ba, a rana ta uku ya kira Dale.

Dale motar share ƙanƙara yake tuƙa wa ƙaramar hukuma, ƙato ne mai ƙasumba kamar buroshin waya, kuma Orval da kansa ya koya masa riƙon aska tun farkon aurensu. Fuska dai ga ta. Sai dai Orval na son ya san ko bakin da ke jikinta na aiki. Ya ɗauko wata tsohuwar aska mai baƙar ƙota, ya wasa ta, sannan ya ja bakinta sau ɗaya a hankali a gefen kofin gilashi. Ido ba zai ga komai ba, amma kaifin ya tafi. Ya haɗa ta da biyu daga cikin sababbin, ya naɗe a fata ya ba shi.

Ranar Lahadi Dale ya zo cin abinci, wuyansa ja wur, duk ƙuraje.

"Yaya ka ji su?"

"Baba, kamar man shanu."

"Duka?"

"Duka. Musamman mai baƙar ƙotar nan. Wannan kam ka zuba basira."

Corinne ta dubi wuyan mijinta, ta dubi babanta, ta miƙa wa kowa dankali.

Ya sake gwadawa da faston cocinsu, wanda shi ma da askar Orval yake aski shekara da shekaru. Fasto ya dawo da su bayan kwana huɗu da ɗan plasta a haɓa, ya ce gaskiya kowacce da irin baiwar da aka yi mata.

A gareji Orval ya zauna a kan kujerarsa ya rasa ko dariya zai yi. Ba ƙarya suke yi don mugunta ba. Sun ga tsoho ya tashi daga ciwo, ga gemu, ga idon da ke jiran amsa, sai tausayi ya riƙe musu harshe. Wasu kuma sunansa ne ya rufe musu fuska: in askar Orval Lindgren ta ja, to lallai su ne ba su iya riƙewa ba. Da ya zagaya garin a ransa, gida-gida, duk wanda ya tuna mai ƙaunarsa ne.

"Saura mutum ɗaya," in ji Maxine daga bakin ƙofa.

"Kar ki kira sunansa."

"Ban kira ba."

"Na ji kin kira a ranki."

Rocco Fiorella wanzami ne a babban titi, ya girmi Orval da shekara uku, kuma har yanzu shi ke buɗe shagonsa. Shekara talatin da shida da suka wuce, Orval ya ƙera wata aska a gareji ya kai masa kyauta, yana fatan wanzamin gari ya yaba a ji. Bayan kwana uku Rocco ya miƙo masa ita a gaban cikakken shago, ranar Asabar, ya ce tana ja a haɓa, shi zai ci gaba da ta Jamus da ya gada wurin babansa. Aka yi dariya. Tun daga ranar Maxine ke rage wa Orval suma a kicin, shi da Rocco kuwa sai gaisuwar jana'iza. Abin da ko Maxine ba ta sani ba shi ne, waccan askar safiya ɗaya kawai ta yi a fuskar Orval kafin ya kai ta, ɗoki ya hana shi cika ukun. Shekara talatin da shida yana fushi da mutum saboda mutumin ya faɗi gaskiya.

Da ya gama kofinsa a gidan abinci ran nan, bai nufi gida ba. Naɗin fatar na cikin aljihun kwat ɗinsa tun safe. Ya tsallaka titi. Shagon bai buɗe ba tukuna, amma kowa ya san Rocco na ciki a wannan lokacin, gaban madubi, yana askin kansa kafin ya taɓa na wani. Orval ya ƙwanƙwasa gilashi.

Rocco ya buɗe da kumfa a fuska har kunne. Ya dube shi sama da ƙasa.

"A'a. Baban Kirsimeti, ai watanka ya wuce. Ko barewar da ke jan keken kyautarka ce ta gudu ta bar ka?"

"Matsa in shiga, sanyi ake yi."

"In gemun ka kawo, sai na aro almakashin tumaki."

"Ba shi na kawo ba."

Ya warware fatar a kan kanta, tsakanin kwalaben turare. Aska uku: mai baƙar ƙota, da wata mai ƙotar katako, da ta mai kashe gobara, mai ƙahon sa, wadda a ganinsa ya daɗe bai yi kamarta ba. Rocco ya dube su, ya dubi gemun. Labarin likita ba wanda bai ji ba a garin. Bai tambayi komai ba. Ya ajiye tasa ta Jamus a gefe, ya ɗauki mai baƙar ƙota, ya goga ta a fatar washi da ke rataye jikin kujera, ya kai ta kunci. Ja ɗaya ya yi ya tsaya.

"Wannan ta yankan albasar Maxine ce?"

Rocco ya ɗaga ta ya dubi bakinta.

"A gefen kofi ka ja ta, ko? Tsoho da kai kana wasan yara. Ni za ka yi wa jarrabawa? Wa ka ba wa ya ce ta yi?"

"Dale. Da fasto."

"Shi ya sa na ga faston da plasta. Na ɗauka matarsa ce."

Ya ture ta gefe da bayan hannu, ya ɗauki mai ƙotar katako. Wannan karon shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai askar. Aska mai siririn jiki tana da murya in tana cin gashi, wani ɗan ƙaras-ƙaras mai zaƙi kamar ana shafa wuƙa a gasasshen burodi. Wata uku Orval bai ji wannan muryar ba. Ya rufe ido. Rocco ya gama kuncin dama, ya sauka muƙamuƙi, ya zagaya haɓa, ya shafa wurin da yatsu biyu.

"Ba laifi," in ji shi.

Duk wanda ya san Rocco ya san ko ranar auren 'yarsa abin da ya ce ke nan.

Ya ƙara kumfa a hagu, ya ɗauki mai ƙaho. Ya ɗan jinjina ta a hannu, ya kalli jikinta a haske, har Orval ya ga kamar gefen bakinsa ya motsa. Kunci ya tafi lafiya. Ya ɗaga kai, ya ja fatar wuya, ya sa askar a ƙarƙashin muƙamuƙi. Ya tsaya. Ya sake gwadawa da tsakiyarta, ya sake da gindinta.

"Tana cizo."

"Ina?"

"Nan gindi, kusa da ƙota. Gaba da tsakiya lafiya. Gindin na cizo."

"Hannunka ne ya tsufa."

"Ya tsufa mana. Amma bai tsufa a kan waccan ba sai a kan wannan?"

"Sati uku na yi a kanta, Rocco."

"To ka yi na huɗu. Ni da fuskata dai ba mu haɗa baki ba."

Orval ya tattara asakensa, ya naɗe, ya fita bai ce sai an jima ba. Ƙafar hagu ta fi kullum nauyi a hanya. Yana tafe yana shirya maganganun da ya kamata a ce ya mayar.

A gareji ya sa gilashin ƙara girma a ido ya bi bakin askar daga gaba har gindi. Bai ga komai ba. Ya ji daɗi. Sai ya tashi ya je taga, inda hasken rana ke dukan ƙanƙara ya shigo fari tas, ya dinga karkata ta a hankali. Can kusa da ƙota wani ɗan layi ya yi walƙiya, bai kai faɗin gashi ba, tsawonsa bai fi rabin farce ba. Dutse bai ci wurin daidai ba. Ya san dalili. Yatsan da ke danne gindin aska a kan dutse, shi ne wanda ke rawa.

Ya koma ya zauna, askar a kan gwiwa. Da ya bi maganar masu ƙaunarsa, da tuni tana Idaho da ɗan kifinsa a wuyanta, tana cizon mutumin da ya jira ta shekara biyu, shi kuma mutumin ya ɗora laifin a kan kansa. Ya ɗauko sauran daga aljihun tebur ya jera. Wace ce lafiya, wace ce ba lafiya ba, shi dai yanzu ba shi da hanyar sani.

Maxine ta leƙo da miya a kwano.

"Ka je?"

"Na je."

"Ya zage ka?"

"Ya ce tana cizo."

"Tana yi?"

Ya ɗauki dutsen washi ya tsoma a ruwa. Ta ajiye kwanon a inda hannunsa zai kai, ta ja ƙofa.

Yinin ranar a kan gindin askar nan ya ƙare. Ya sauya riƙo, ya mayar da dannawar kan wani yatsa, abin da bai taɓa yi ba tun yana ɗakin Gottlieb. Hannun ya yi ta gardama, ya yi ta lallashinsa, har layin ya ɓace a hasken taga.

Washegari tun kafin motar share ƙanƙara ta wuce babban titi yana tsaye a ƙofar shagon. Rocco ya iso da makulli a hannu, hula har gira, gashin kwana ɗaya ya yi masa toka-toka a fuska.

"Kai kuma? Jiya ko sallama babu."

"Buɗe dai."

Suka shiga. Rocco ya kunna wuta, ya tara ruwan zafi, ya jiƙa buroshi, ya shiga kaɗa kumfa a kofi ba tare da ya dubi baƙonsa ba. Orval ya tsaya a tsakiyar shago da hula a hannu. Ya warware fatar. Wannan karon bakwai ne a jere, mai ƙaho a gaba. Rocco ya gama shafa kumfa, ya miƙa hannu wajen askarsa ta Jamus.

"Rocco, ajiye wannan tukuna. Ka yi gaskiya, tana cizo, na gyara. Ka ara mini fuskar nan taka, safiya uku a kan kowace ɗaya, har mu gama da su. In ta ja ka ce ta ja. Don Allah kar ka ji tausayina."